Zoben da ya ƙi fita daga yatsan mai ciki

Ƙanwata ta zo goyon ciki gidanmu a Sabuwa tana cikin wata na bakwai, cikin fari, ana tsakiyar zafin bazara. A hannunta na hagu akwai wani siririn zoben gwal mai ɗan fure a kai, wanda ya zo cikin lefenta. Tun ranar da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa cire shi ba. Da shi take wanke-wanke, da shi take tuƙa tuwo, da shi take kwana. Wata safiya tana tsince shinkafa a faifai sai idona ya faɗa kan yatsan. Nama ya taso ta gaban zoben da bayansa, kamar an ɗaure bakin buhu da igiya.

Na ce, "Ke, wannan zoben bai matse ki ba?"

Ta ce, "Ya ɗan kama ni, Yaya, amma idan rana ta ɗaga yakan saki."

Inna tana bakin murhu ta ce, "Ku ƙyale ta, ciki ne ya karɓe ta. Ni da cikinki ko takalmi ba ya shiga ƙafata, kuma lafiya lau na sauka."

Inna ba ta faɗi abin da ba haka ba. Kusan mata 8 cikin 10 sukan ga kumburi a wani sashe na jikinsu kafin su haihu, kuma mafi yawansu lafiya suke sauka. Jikin mai ciki tara ruwa yake yi, kuma da dalili. Jinin da ke yawo a jikinta yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a da, domin ya ciyar da mabiyiya da ɗan da ke kwance, ya kuma zama guzuri saboda wanda za ta zubar ranar haihuwa. Idan aka haɗa da ruwan da ɗan yake ciki da wanda ke maƙalewa a tsoka, ƙarin yakan kai lita 6 zuwa 8, wato galan ɗaya da rabi zuwa biyu irin na man gyaɗa. Ga mahaifa kuma tana girma tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya. Shi ya sa mai ciki za ta wuni a tsaye, da yamma ta ga silifas ya yi mata shaida a ƙafa, ta kwanta ta ɗaga ƙafafun, kafin asuba sun saɓe. Hannu kuma sau da yawa da safe ya fi cika, saboda ruwan da ya taru a ƙafa da rana ya bazu ko'ina cikin dare. Zafi yana ƙara abin, shi ya sa cikin da ya tsufa a watan Maris zuwa Mayu ya fi wahalar da mai shi. Wasu har ruwan yakan matse jijiyar da ta ratsa wuyan hannu, su farka cikin dare babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun mutu, ko suna ji kamar ana tsira musu allura.

To amma fata tana miƙewa, zobe ba ya miƙewa. Yatsa yana da hanyoyin jini iri biyu, masu kawowa da masu mayarwa. Masu mayarwar su ne a sama-sama, kuma su ne masu laushi, don haka su zobe ke fara toshewa. Jini yana ta shigowa, hanyar komawa ta ƙuntata, sai yatsan ya ƙara cika, zoben ya ƙara nutsewa, hanyar ta ƙara toshewa. Idan aka bari abin ya yi nisa, har masu kawowar ma sukan rufe. A nan ne yatsa ke yin sanyi, ya sauya launi, ya daina jin taɓi, kuma daga nan ba a maganar kwanaki, sa'o'i ake ƙirgawa kafin naman ya mutu. Akwai kuma ƙaramar matsalar da ta fi yawa: sabulu da gumi da ruwan wanke-wanke suna taruwa ƙarƙashin zoben da ba ya motsi, fatar ta jiƙe ta saɓule, ta zama gyambo. Zoben kasuwa mai araha da aka yi wa ruwan gwal ya fi saurin jawo wannan, domin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yakan sa wasu ƙaiƙayi.

Mai kallo daga nesa zai ce ai sai ta cire, mene ne abin wahala? Wanda ya san matan karkararmu ba zai faɗi haka da sauri ba. Zoben gwal a hannun mace ba kwalliya ce kaɗai ba, ajiya ce. Shi ne abin da za ta kai wa mai sayen gwal ranar da yaro ya kwanta ba kuɗin magani, ko ranar da taki ya gagari maigida. A yankin da mutane suka sha barin gida cikin dare da kayan jikinsu kawai saboda 'yan bindiga, daga Sabuwa zuwa Faskari zuwa Ƙanƙara, mace ta san abin da ke yatsanta shi ne zai bi ta, abin da ke cikin akwati kuwa sai yadda hali ya yi. Ga kuma gudun magana. Amarya ba ta so dangin miji su ga hannunta wayam su fara tambayar ina zoben lefe, ko ta sayar ne. Duk wanda zai ce mata ta cire, ya kamata ya zo mata da inda za ta sa shi. Mafi sauƙi shi ne a zura shi a zare mai ƙwari ko a sarƙa, ta rataya a wuya ta cikin riga. Yana jikinta, ba ya cutar da ita. Ko ta damƙa wa mahaifiyarta a gaban mijin, kowa ya san inda yake.

Ni a ganina kada a jira sai ya kama. Ciki na shiga wata na biyar a cire zobba, na hannu da na ƙafa, a cire munduwa da duk wani awarwaron da ba shi da mabuɗi, a sassauta jigida. Wadda ba ta son hannunta ya zauna haka nan, ta sa wanda bakinsa a buɗe yake, irin da ake matsewa ko a buɗa da hannu. Wadda kuma ta ce ita dai nata za ta ci gaba da sawa, akwai gwajin da ba zai ci mata lokaci ba. A mazhabar Malikiyya da muke kai, zoben da shari'a ta halatta sa shi ba dole ba ne a motsa shi wajen alwala, shi ya sa mace za ta yi watanni ba ta taɓa juya nata ba. Sauƙin da malamai suka yi yana nan, amma ba laifi ba ne mai ciki ta mayar da alwala lokacin dubawa. Hannu yana jiƙe, ta juya zoben, ta ja shi ya wuce gaɓa ya dawo. Ranar da ya fara gardama, ko ta ga ya bar zurfin shaida a fata, ranar ce ta cire shi, ba gobe ba.

Idan an riga an makara ya ƙi fita, abu na farko shi ne a daina ja da ƙarfi. Kowane fizga ƙara kumbura gaɓar yake yi, kuma yawancin zobban da ake kaiwa a yanke, an wuni ana kokawa da su ne a gida. A zaunar da ita a inuwa, ta ɗaga hannun sama da kanta, ta jingina shi da bango ko kafaɗar wata na minti biyar zuwa goma. Daga nan ta tsoma shi cikin ruwan randa mai sanyi na ɗan lokaci. Sai a shafa abu mai santsi, sabulu ko man gyaɗa ko man kaɗanya ko basilin, a tura shi har ƙarƙashin zoben. A ja fatar gaɓar baya zuwa wajen tafin hannu, a riƙa murza zoben a hankali kamar ana kwance murfin kwalba, yatsan a ɗan lanƙwashe, ba a sandare ba. Idan an gwada sau biyu bai fita ba, a huta, a sake ɗaga hannun.

Namu bai fita da sabulu ba, sai da zare. Dabara ce da ma'aikatan asibiti ma suke yi, kuma ta cancanci kowace uwa ta iya ta. A sami zare mai ƙwari mai santsi, irin na kitso ko na ɗinkin takalmi, tsawonsa kamar daga yatsa zuwa gwiwar hannu sau biyu. A zura kansa ta ƙarƙashin zoben ya ɓullo ta wajen tafin hannu, da tsinken ashana ko gindin allura, ba tsininta ba. Dogon ɓangaren da ya rage a naɗe yatsan da shi tam, zagaye na bin zagaye ba rata, tun daga jikin zoben har a haye gaɓa. Naɗin yana matse ruwan ya koma baya. Sai a kama guntun kan nan na wajen tafin hannu a riƙa warwarewa ana jan sa zuwa wajen farce. Zoben zai riƙa hawa kan zaren yana matsawa kaɗan-kaɗan har ya tsallake. Da zafi, ƙanwata sai da ta cije gefen mayafinta, amma bai kai minti biyu ba zoben ya faɗo cikin faifan shinkafa. Kada a bar naɗin ya wuce minti biyu ko uku, kuma ba a yin wannan dabara idan akwai rauni a yatsan ko ya riga ya sauya launi. A kula da lalle ma. Hannun da ya sha lalle ba ya nuna launinsa na gaskiya, don haka a taɓa kan yatsan a ji ko ya fi 'yan'uwansa sanyi, a tambaye ta ko tana jin taɓin.

Yatsan da ya yi sanyi, ko ya yi duhu, ko ya mutu, ko yake zugi ba sassauci, ba na sabulu da zare ba ne kuma. Yanke zoben za a yi, a ranar, a sa'ar. Manyan asibitoci suna da ɗan abin yanka zobe mai harshe da ake zurawa tsakanin ƙarfe da fata. Inda babu, maƙeran farfaru, masu aikin azurfa da gwal, sun san hannunsu a wannan, muddin an sa wani abu mai faɗi kamar mariƙin ƙaramin cokali ya kare fatar, ana kuma zuba ruwa saboda ƙarfe yana ɗaukar zafi idan ana goga shi. Abin da ba zan taɓa ba da shawara ba shi ne a kai hannun mai ciki gaban injin masu walda. Kuma a kwantar wa mai zoben da hankali: gwal da azurfa masu laushi ne, yankansu ba wuya, maƙeri zai sake haɗa shi har ya ƙara masa faɗi idan ana so. Gwal da nauyi ake sayensa, abin da zai zube wajen yanka bai taka kara ya karya ba. Zobban farin ƙarfe masu tauri su ne masu ba da wahala, kuma su ne suka fi cancanta a cire tun da wuri.

Duk wannan maganar yatsa ce, kuma ita ce ƙaramar. Babbar ita ce tambayar da ba mu yi ba a safiyar nan, sai da wata maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar asibiti, ta shigo gaishe da Inna ta tarar muna murnar zobe ya fita. Ta kama hannun ƙanwata ta juya, ta dubi fuskarta, ta ce, "'Yata, yaushe ya fara matse ki?"

"Bai fi kwana huɗu ba, Gwaggo. Da yana juyawa."

"Kanki yana ciwo?"

Ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, sannan ta ce tun shekaranjiya.

Gwaggo ta aika yaro ya ɗauko mata ɗan abin awon jininta mai batir. Ta gwada, ta jira, ta sake gwadawa: 150 bisa 100. Ta dubi Inna ta ce, "Yaya, a nemo mota yanzu, kada la'asar ta yi muku a gida."

Kumburin da ba shi da illa a hankali yake zuwa, ya fi zama a ƙafa, yana sauka idan an huta. Wanda ya zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, ya kama hannu da fuska, idanu suka yi luhu-luhu da safe, wannan yana iya zama saƙon hawan jinin masu ciki, ciwon da idan ya yi tsanani yake kaiwa ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Yakan bayyana ne bayan mako 20 na ciki, wato daga wata na biyar. Tushensa a mabiyiya yake. Idan jijiyoyinta ba su kafu sosai a jikin mahaifa ba, takan saki wasu sinadarai da ke lalata bangon hanyoyin jinin uwa. Hanyoyin su tsuke, jini ya hau, su kuma riƙa yoyon ruwa cikin tsoka, wanda shi ne kumburin da zobe ke fara kamawa. Ƙoda ta fara zubar da furotin cikin fitsari, hanta ta taɓu, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ɗan da ke ciki shi ma abincinsa ya ragu. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne 140 bisa 90 ko sama, tare da gwajin fitsari. Idan ya kai 160 bisa 110, wuta ce ta kama rufin ɗaki. Alamomin da ke rakiyarsa su ne ciwon kai da ba ya jin farasitamol, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko bakin ciki, amai a tsohon ciki, raguwar fitsari, da sarƙewar numfashi.

Ciwon yana samun mata 2 zuwa 8 cikin kowane 100 masu ciki a duniya, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewa, tare da zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Waɗanda ya fi kamawa su ne masu cikin fari, da yara ƙanana, da waɗanda suka manyanta, da masu tagwaye, da masu hawan jini ko ciwon suga ko na ƙoda tun asali, da wadda ya taɓa samu ko ya sami mahaifiyarta ko 'yar'uwarta. A nan ne abin ya fi ci mini rai. Mai cikin fari ita ce ta fi kowa haɗari, kuma ita ce al'ada ta ɗora wa kunya mafi nauyi. Ba ta ambaton cikin, balle ta ce kanta na ciwo. Ƙanwata ta kwana biyu da ciwon kai a ɗaki ɗaya da ni ba ta faɗa ba. Kawaici abin yabo ne a wurare da yawa, amma a nan sai manya sun riƙa tambaya da bakinsu, domin yarinyar ba za ta fara ba. Haka kuma idan tsofaffi suka ga kumburi suka ce alamar tagwaye ce, wani lokaci sun yi daidai, sai dai tagwayen ma ƙarin dalili ne na zuwa awo.

Wata za ta ce, to idan an cire zoben tun wata na biyar, ai an kori ɗan saƙon. Ba a rasa komai ba. Hannun da ya kasa dunƙulewa da safe, da fuskar da ta cika har maƙwabta suka lura, duk saƙon ɗaya suke kawowa. Kuma zobe ba amintaccen ɗan aike ba ne. Akwai matan da jininsu ke hawa har su kai ga jijjiga ba tare da wani kumburin kirki ba, shi ya sa likitoci suka daina lissafa kumburi cikin sharuɗɗan gane ciwon. Zoben da ke juyawa sakayau ba shaidar lafiya ba ne. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne awon jini da gwajin fitsari, kuma su biyun ba sa cin minti goma. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8, mafi yawansu a watanni ukun ƙarshe, lokacin da wannan ciwo ke yawan kunno kai. A wurin awon ne ake gano wadda ya kamata a ɗora kan ƙaramin asfirin ko ƙwayar kalsiyam don rigakafi, a nan ne kuma ake gane kumburin da ƙarancin jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda ya kawo. Ƙafa ɗaya tak da ta kumbura tana zafi da ciwo kuwa wata magana ce daban, tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, ita ma ta asibiti ce a ranar.

Maganin jijjiga sananne ne, kuma ba mai tsada ba ne: allurar maganisiyam salfet. Wani babban bincike da aka yi kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A nan gida ma an gani. Lokacin da aka shigar da ita asibitoci 10 na Jihar Kano daga 2008, a aikin da Farfesa Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake cikin jagororinsa, mace-macen masu wannan ciwo sun sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kusan kashi 2. Allurar tana tare jijjiga, magungunan hawan jini suna sauko da jinin, amma ciwon ba ya barin mace sai an raba ta da mabiyiya. Don haka idan likita ya ce za a sa naƙuda kafin lokaci ko za a yi tiyata, ba gaggawar banza yake yi ba.

Matsalar Sabuwa ita ce tazara da dare. Mace tana Damari ko Maibakko ko Dugun Mu'azu, idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti sai an bi ta Dandume zuwa Funtua, idan ya fi ƙarfin nan sai Shika a Zariya. Hanya ce da shekarun nan ba kowane direba ke yarda ya hau ta bayan magariba ba. Mutanen yankin ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, aka wayi gari ko mai mota ba ka iya kira. Jijjiga ba ta zaɓen lokaci, kuma wadda ta faɗi ƙarfe biyun dare a ƙauye tana iya jiran gari ya waye. Saboda haka a irin wurinmu darajar ƙaramar alama ta ninka. Abin da aka gani da hantsi a yi aikinsa da hantsi. Maigida ya ba da izinin zuwa asibiti tun kafin buƙata ta taso, ko yana gona ko yana kasuwa ba sai an jira shi ba. A ware kuɗin mota, a san wanda zai tuƙa. Idan kuma ta riga ta faɗi, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko rubutu ko wani abu a baki, kada a turnuƙe ta da hayaƙi da sunan iska ce. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota.

Abubuwa biyu da ake yi da kyakkyawar niyya suna ƙara ɓata lamarin. Na farko, rage shan ruwa don kada a ƙara kumbura, alhali ƙishirwa ba ta sauke kumburin ciki, wahala kawai take ƙarawa. Na biyu, zuwa kemis a sayo ƙwayar sa fitsari. Za ta iya rage cikar hannun na kwana biyu, ta ɓoye alamar, ciwon yana nan yana ci, jinin da ke isa ga ɗan kuma ya ragu. Kemis ɗin da ke da abin awon jini, ya gwada mata ya faɗa mata lambar, wannan ya fi kowace ƙwaya da zai sayar mata amfani.

Ƙanwata an tarar da furotin a fitsarinta, aka ɗora ta kan magani, aka ce ta riƙa zuwa kowane mako. Da ciki ya kai mako 37 aka sa mata naƙuda a Funtua. Ina tsaye a bakin ɗakin na ga ana fama da wata baiwar Allah da za a shiga da ita tiyata, zobba uku a hannu, ko ɗaya ya ƙi motsi. Dole a cire su, domin na'urar da ake tsayar da jini da ita wajen tiyata da lantarki take aiki, ga ƙarin ruwan da za a yi mata zai ƙara cika hannun. Mintocin da aka ɓata a kan zobban nan, da an cire su tun a gida da ba a ɓata ba.

Haihuwa kuma ba ta rufe maganar nan take. Kwanakin farko bayan sauka kumburi yakan ƙaru kafin ya fara saɓewa, kuma hawan jinin yana iya tasowa ko ya yi tsanani a jego, har zuwa mako shida. A daidai lokacin ne muke ɗora mai jego kan wankan ruwa mai tsananin zafi da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan ciwon a ƙasar Hausa da gishirin da ke cikin kanwa da kuma zafin wanka da gadon da ake hura wa wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna akwai hannun rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam, don haka ba a ɗora wa kanwa laifin duka ba. Ban ce a bar wankan jego ba, kulawar da mai jego ke samu a kwana arba'in ɗin nan abu ne da wasu al'ummomi ba su da shi. Amma wadda ta yi hawan jini ko kumburi da ciki, a sassauta mata zafin ruwan, a janye mata kanwa, a sake gwada jininta a makon farko. Idan kumburin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina saboda numfashi, ko tana tari cikin dare, zuciya ce ke neman taimako.

Ranar suna ƙanwata ta sha lalle ta ɗauko atamfar fitar suna, ta ce Inna ta ba ta zobenta. Inna ta kama hannun ta latsa bayansa da babban yatsa, wurin ya loma bai taso da wuri ba. Ta ce, "Ba yau ba. Ki sa sarƙar da 'yan kunnen." Zoben ya ci gaba da zama a ƙulle a bakin zanen Inna har aka yi arba'in. Da aka kwance aka ba ta, ya ƙi wuce gaɓar yatsan da ya saba zama, domin wasu matan yatsunsu ba sa komawa yadda suke sai bayan watanni, wasu ma ba sa komawa. A ƙaramin yatsa ta sa shi ranar da za ta koma ɗakinta, da niyyar idan maigidan zai shiga Funtua ya kai wa maƙeri ya ƙara masa faɗi.